Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Wani Kamfanin Hayar Motoci A Birtaniya

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Bayan gaisuwa, abu biyu nake nema daga kamfaninku. Ku maido wa yayana kuɗin da kuka karɓa kuka hana shi mota, sannan ku gyara abin da shafinku da ma'aikatanku suke faɗa wa masu lasisin tuƙi na ƙasar waje. Na rubuto muku ta imel, amsar da ta dawo layi biyu ce, wai ba a cika sharuɗɗa ba. Shi ya sa na fito da maganar fili, da Hausa, don 'yan'uwa masu shigowa Birtaniya su san abin da ke jiransu a kantarku.

Yayana ya zo daga Najeriya da bizar ziyara, don bikin kammala karatun 'yarsa a jami'a. Tun bai taso ba muka kama masa mota ta shafinku, nan take aka cire kuɗin mako guda daga katinsa. Akwai gurbin da kuke tambayar ƙasar da ta ba direba lasisi, muka zaɓi Najeriya, shafin bai ce uffan ba. Takardar da kuka turo masa ta nemi fasfo, da katin banki mai sunansa, da lasisin da bai mutu ba wanda ya shekara a hannun mai shi. Duk ya zo da su. Lasisin nasa ainihin katin ne na hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, FRSC, ba takardar wucin gadin da ake riƙewa kafin kati ya fito ba, kuma komai na jikinsa da Turanci aka rubuta.

Da muka isa reshenku na filin jirgi, abin da ma'aikacin ya fara nema shi ne lambar duba lasisi ta DVLA, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi a Birtaniya. Wannan lamba ta samo asali ne tun ranar 8 ga Yunin 2015, lokacin da aka soke takardar da ke rakiyar katin lasisin Birtaniya, aka mai da bayanin laifin tuƙi intanet. Mai lasisin DVLA ne kaɗai ke iya ciro ta, da lambar lasisinsa, da lambar inshorarsa ta ƙasa, da lambar gidan waya ta inda yake zaune, kuma kwana 21 take yi ta mutu. Baƙon da ya sauka daga jirgi ɗazu a ina zai samo ta? Da na yi masa wannan bayani, sai ya bar maganar ya koma kan takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa. Ya ce in babu ita, babu mota.

A nan nake so ku tsaya ku karanta da kyau, domin a nan ne kuke rikita jama'a. Dokar Birtaniya ta yarda baƙo mai cikakken lasisin ƙasarsa ya tuƙa ƙaramar mota har wata 12 daga ranar da ya shigo. Ita kuwa takardar ƙasa da ƙasa, wadda yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ta Biyena ta 1968 suka tsara, aikinta kawai ta fassara lasisin mutum ga jami'in da bai iya harshen ba. Ba ta aiki ita kaɗai sai an haɗa ta da lasisin asali, ba ta kuma ƙara wa mai ita wani izini. To lasisin da aka rubuta da Turanci, aka miƙa wa mai jin Turanci a ƙasar Ingila, wace fassara yake jira?

Ban ce ba ku da ikon gindaya sharaɗin da ya fi na gwamnati tsauri ba. Motarku ce, kuma kamfanin inshorarku yana da nasa ƙa'idojin. Kuna iya cewa duk lasisin da ba na Turai ba sai an haɗo shi da wannan takarda, ba wanda zai ja da ku. Ƙorafina shi ne lokacin da kuka faɗa. Takardar nan a ƙasar da ta ba mutum lasisi ake karɓar ta, kafin ya hau jirgi. Da kun rubuta a shafinku a daidai lokacin da muka zaɓi Najeriya, da ya nemo ta tun yana gida, ko mu nufi wani kamfanin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga baya na koma na tono sharaɗin, yana can ƙasan wani dogon shafi, kuma abin da ya ce shi ne "ana iya neman" takardar a wasu rassa. Waɗanne rassa? Ga masu lasisin wace ƙasa? Shiru.

Ma'aikacin ya ba mu shawara mu je kanti mai PayPoint, wato irin shagunan da ake biyan kuɗin wuta da gas a cikinsu, mu sayo takardar. Gaskiya ne tun daga Afrilun 2024 a irin waɗannan kantuna ake bayar da ita a kan fam 5.50, bayan an ɗauke aikin daga gidan waya. Amma masu cikakken lasisin Birtaniya da za su fita waje ake ba wa. Da mun bi maganarsa, da dattijon da ya kwana a jirgi ya sha yawon banza.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawararsa ta ƙarshe. Ya juyo gare ni ya ce in ni ina da takardar ƙasa da ƙasa, a mai da hayar da sunana, in ja motar. Na gaya masa ni mazauni ne, na haura shekara a ƙasar, lasisin lana nake riƙe da shi ina jiran ranar gwaji. Ya ce ba damuwa, muddin takardar ba ta mutu ba.

Akwai damuwa, babba ma. Ga wanda ya zo zama, wata 12 ɗin nan daga ranar da ya zama mazauni ake ƙirga su, kuma zuwa gida hutu a dawo ba ya sabunta lissafin. Suna cika, lasisin Najeriya ya daina aiki a titin Birtaniya, ko da takardar ƙasa da ƙasa ko babu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da DVLA ke musanya lasisinsu ba tare da gwaji ba. A Afirka, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu suna ciki, mu ba ma ciki. Dole mutum ya karɓi lasisin lana, ya ci jarrabawar ka'idojin hanya, ya ci gwajin tuƙi, kuma kowa ya san samun ranar gwajin nan yana cin watanni. Kafin nan ba ya tuƙi sai da alamar L a mota, da mai kula da shi a gefe wanda ya kai shekara 21 kuma ya shekara uku da cikakken lasisi. Wanda ya saɓa, tara tana iya kaiwa fam 1,000 da makin laifi uku zuwa shida a kan lasisinsa. Inshora kuma tana iya zame masa ba ta da amfani, tuƙi babu inshora kuwa tarar fam 300 ce da maki shida tun kafin a je kotu, 'yan sanda kuma suna da ikon ƙwace motar. Ga wanda zamansa ya dogara da biza, shiga irin wannan matsala da hukuma ba ƙaramin abu ba ne.

Ku duba yadda abin ya juye. Wanda doka ta ba izinin tuƙi kun hana shi, wanda doka ta hana kuma ma'aikacinku ya so ya miƙa masa makulli. Ni na san dokar, shi ya sa na ƙi. Ɗalibai nawa ne da ma'aikatan jinya da suka zo bara za su ji wannan magana daga bakin mai sanye da rigar kamfani su ƙi yarda? Ba na neman ku kori yaron. Bai yi mana rashin kunya ba, abin da aka koya masa ya faɗa, kuma a bayyane yake ba a koya masa bambancin baƙo da mazauni ba. Wannan laifin na sama ne.

Sai maganar kuɗi. Kun rubuta a rajistarku cewa yayana bai zo ɗaukar mota ba, alhali ya tsaya a gaban kantarku da takardunsa a hannu, kyamarar reshen ma shaida ce. Na san damar fasa ciniki cikin kwana 14 ba ta shafi hayar mota ta ƙayyadaddiyar rana ba, ba kuma da ita nake kafa hujja ba. Hujjata dokar haƙƙin masu sayayya ce ta 2015, wadda ta ce sharaɗin ciniki ya zama a sarari, cikin harshen da ake fahimta, kada kuma ya danne mai saye. Sharaɗin da ke sa mutum asarar kuɗinsa kakaf, amma aka binne shi da "ana iya nema", ban ga yadda zai tsallake wannan ma'auni ba.

Saboda haka ku maido da kuɗin gaba ɗaya zuwa katin da aka cire su, ku goge batun rashin zuwa daga rajistarku. A shafinku, da zarar mutum ya zaɓi ƙasar lasisinsa, a nuna masa takardun da za a nema kafin a kai shi wurin biya, a kuma tambaye shi ko baƙo ne ko mazauni, in mazauni ne tun yaushe. Ma'aikatan kanta kuma a zaunar da su a koya musu dokar wata 12 da iyakar aikin takardar ƙasa da ƙasa.

Na ba ku mako biyu daga ranar wannan wasiƙa. In ban ji amsar da mutum ya rubuta da hannunsa ba, zan kai ƙorafin sashen sasanta rikici na ƙungiyar kamfanonin hayar motoci ta Birtaniya, BVRLA, wadda tambarinta ke manne a ƙofar reshenku, yayana kuma zai nemi bankinsa ya bi masa kuɗinsa. Lambar hayar da kwafin takardun suna cikin imel ɗin da na aiko muku.

Naku,
Wani abokin cinikinku mazaunin Ingila