Wasiƙa zuwa ga Malam Sani kan shinkafar zamanin Kyoho

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya Maman Khalifa da yara? Tun da ka koma can ka yi nauyin hannu, ko gaisuwar Juma'a sai an roƙe ka. Amma tambayarka ta iso ta bakin Bala: wai ta yaya rumbunan ƙasa za su cika, mayaƙanta kuma su talauce? Duba zamanin Kyoho na Japan, 1716 zuwa 1736.

Tokugawa Yoshimune ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na ƙasar, a 1716, ya tarar da baitulmali ba komai. Albashin samurai, wato mayaƙan ƙasar, a lokacin da shinkafa ake yanka shi, da ma'aunin koku, wajen lita 180, abincin mutum ɗaya na shekara. A 1722 Yoshimune ya ce kowane daimyo, wato mai mulkin lardi, ya kawo koku 100 a kan kowane 10,000 na ƙasarsa, shi kuma ya rage musu zaman dolen da suke yi a Edo, mazaunin shogun (Tokyo ta yau), daga shekara guda zuwa wata shida. Aka buɗe sababbin gonaki. Haraji ma ya sauya: da jami'i ke zuwa duba gona duk kaka, a toshe masa baki ya rage lissafi, yanzu sai a duba amfanin shekarun baya a yanke adadi tsayayye.

To a nan gizo ke saƙar. Samurai ba zai biya mai da tufafi da tsabar shinkafa ba, sai dillalan unguwar Kuramae a Edo sun mayar masa da ita kuɗi. Shinkafa ta yi yawa, farashinta ya karye, sauran kaya kuwa ba su sauko ba. Ga kuɗin zamanin an cika su da zinariya, saboda haka kaɗan ake iya bugawa, hannun jama'a ya bushe. Kai da ka taɓa ɓoye masara har ta yi ƙwari kana jiran tsada, ba sai na yi maka dogon bayani ba. A 1730 gwamnati ta amince da kasuwar Dojima a Osaka, inda ake cinikin shinkafa a takarda, da fatan farashi ya ɗaga.

Af, ka gaya wa Khalifa: an kawo wa shogun ɗin giwa daga Biyetnam, ta sauka Nagasaki a 1728, a 1729 ta taka da ƙafa har Edo, a hanya aka nuna wa sarkin Japan ita a Kyoto. Ya zana mini ita.

Farashin shinkafar ya tashi, amma ta mummunar hanya. A 1732 ruwa ya yi yawa, rani ya zo da sanyi, ƙananan ƙwari masu tsotse karan shinkafa suka cinye gonakin yammacin ƙasar. Yunwa ta kashe dubbai. A 1733 talakawan Edo suka farfasa gidan Takama Denbei, babban ɗan kasuwar shinkafa, bisa zargin ɓoye hatsi. Abin yana taɓa mini rai, domin tsayayyen harajin nan manomi ya fi dannewa a shekarar da gona ta ƙi. Maganin ƙwarin da ya yaɗu daga baya: a zuba man whale, ƙatuwar dabbar teku, kaɗan a ruwan gona, ya shimfiɗu a sama, a bi da gora ana kaɗa shukar, ƙwarin su faɗa cikin man su shaƙe. A 1735 kuma wani masani, Aoki Konyo, ya gwada noman dankalin Hausa a Koishikawa da ke Edo don gudun wata yunwar.

Da amfani ya dawo, farashi ya sake faɗuwa. Sai a 1736 aka rage zinariyar koban, tsabar kuɗin zinariya na lokacin, daga kusan kashi 87 cikin 100 zuwa kusan 66, kuɗi suka wadata, shinkafa ta yi daraja.

An sa ranar Bala bayan ƙaramar Sallah, kuma Hajiya ta rantse in ba ka zo ba ita za ta biyo ka. Ka turo awon rigarka, telan yana jira.

Naka,
Aminu