Auta, Jado ba hanyarka ba ce

Assalamu alaikum Auta,

Ina fatan kana lafiya, da kai da karatu. Mu nan Damagaram alhamdu lillahi, sai ƙafar Innarka da ta motsa da sanyin nan.

Ba zan ja gaisuwa ba. Kawunka ya zo cin kasuwar Dole ranar Alhamis, ya biyo ta gida, ya ce an gan ka a tashar Maraɗi kana tambayar kuɗin motar Agadas, kuma ka gaya wa abokan ɗakinku in an yi hutu ba za ka koma jami'a ba, Jado za ka nufa haƙar zinariya. Da na kira ka sai ka ce mini ba komai. Ni na haife ka, na san yadda kake faɗin "ba komai" in da komai. Innarka ba ta ji ba tukuna, na roƙi Kawunka ya kama bakinsa.

Na san hujjarka, don ka sha faɗa mini: ga masu lisans suna kabu-kabu a gari, gwamnati ba ta ɗaukar aiki sai jefi-jefi, kuɗin tallafin ɗalibai sai ya yi watanni bai zo ba. Duk gaskiya ne, ina da ido. Kuma na san har yau kana riƙe da ni a zuci don ni na matsa ka karanta noma da muhalli lokacin da kai shari'a kake so. Na matsa, kuma da za a sake yau sai na sake matsawa. Ban tura ka jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo don ka tsaya layin jiran kujerar ofis ba. Na tura ka ne don aikin da ke jiran mai irin karatunka a jihar nan ya fi ƙarfin masu yinsa.

Ba ka ga 1984 ba, shekarar yunwar da muke ce wa El Buhari. Ni na gani. A gonar kakanka kana tsaye kana hango garin gaba, babu itace ko ɗaya a tsakani, iska tana binne shuka da rairayi, a sake shukawa ta sake binnewa. A lokacin manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes, kuma ko tsiro ya fito sai a tuge shi, don mutane na tsoron in ya girma ya zama na malaman daji, ka taɓa reshe a ci ka tara. Yau ka bi hanyar Matamaye ko Magariya ko Mirya ka ga gawo reras cikin gonaki. Ba dasawa aka yi ba. Sassabin zamani ne: manomi ya sami kututture mai tsiro, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski kowace shekara. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani ƴaƴansa su riƙe awaki. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 aka farfaɗo da su haka a kudancin Nijar, akasari tsakanin Maraɗi da Damagaram. Turawa daga nesa suke zuwa kallon abin da kawunnanka suka yi da gatari da adda. Su waye suke auna gonakin, su ƙirga itatuwan, su rubuta rahoton da ake sakin kuɗi a kansa? In ba ɗan ƙasa mai jin Hausa da Faransanci, wanda ya san taswira kuma ya san yadda ake gaida maigari ba, to baƙo za a ɗauko a biya shi.

Ka dubi ruwa. Garin nan kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da abin kirki, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Har yau daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram ake turo mana shi, kuma ka san yadda ƴan uwanka mata ke kwana bakin famfo da jarkoki in bazara ta yi. Ga shi in ruwan sama ya zo sai ya zo da ɓarna: daminar 2024 tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 170 a tsaye, ya rushe. A wajen Gure tudun rairayi na cinye kwaruruwan dabino. Masu lambu a Gidimuni da Mirya suna barin injin fetur suna komawa famfo mai aiki da hasken rana, amma in ya lalace mai gyara sai an nemo shi da fitila. Kowanne cikin waɗannan abincin wani ne, Auta, kuma halal.

Sai dai takarda kaɗai ba ta kai mutum can, kuma nan ne nake da magana da kai. Da hutun bara na kai ka gona, na nuna maka tsiro na ce mene ne wannan, ka ba ni sunansa na boko, dogo, har da gyaran murya. Na ce to da Hausa fa? Ka yi shiru. Sabara ce, Auta, sabarar da Innarka ke dafa muku in ciki ya ɓaci. Ka kasa raba ta da geza. Sauran hutun kuwa barci har hantsi da latsa waya. Ofishin muhalli na jiha yana nan cikin gari, ka taɓa taka ƙafa ka ce a ba ka aikin koyo ko da ba biya? Ana haƙa ramukan tare ruwan sama, rabin wata da tassa, a fako kowane rani, ka taɓa zuwa ka riƙe igiyar awo ka ga yadda ake bin gangaren ƙasa? Kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa ana ɗaukar hoto, ka taɓa komawa bayan wata shida ka ƙirga nawa suka rayu, ka rubuta ka kai wa malaminka? Wanda ya yi waɗannan shi ake tunawa ranar da furoje ya zo neman ma'aikata. Kai ba ka ƙwanƙwasa ƙofa ko ɗaya ba, ka yanke hukunci duk a rufe suke. Wannan ba rashin aiki ba ne, ragwanci ne da kwaɗayi, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Jado! Tun da aka gano zinariyar can a 2014 samari nawa unguwar nan ta tura? Wanda ya dawo da mota kowa ya san sunansa, ana nuna shi. Waɗanda rami ya rufta da su, da waɗanda mota ta mutu musu tsakiyar hamadar Tenere ruwa ya ƙare, da waɗanda ƴan fashi suka tare, ba mai ƙirga su sai iyayensu mata. Ba sai na tuna maka Yayanka ba. Kana gidan nan, ka ga komai. Har gobe Innarka ba ta barin wayarta ta mutu, ko wuta ta ɗauke sai ta aika a cajo mata a shago, kuma in baƙuwar lamba ta shigo hannunta rawa yake kafin ta ɗauka. Akwatinsa na nan ƙarƙashin gado, ta hana a taɓa. Ba mu yi zaman makoki ba, ba mu yi murna ba, muna nan a rataye. Shi ne kai ma za ka ɗauki jaka ka bi hanyar nan? Me muka yi maka? Na sayar da filin Garin Malam don karatunka, ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake ba. Amma wallahi in ka hau motar nan ban yafe ba, kuma kada wani ya zo mini da ban haƙuri. Ba ni da ƙarfin jiran yaro na biyu. Da dare in na rufe ido rairayin nan nake gani.

Allah ya huci zuciyata. Kai yaro ne mai jin magana tun kana ƙarami, kuma na san ganin halin gida ne ya sa ka wannan tunani, kana so ka sauke mini nauyi. Allah ya yi maka albarka da niyyar. Nauyin nan na saba da shi, zan iya kai shi shekara guda da ta rage maka.

Ga abin da nake so. Kafin hutu ka sami malamin da ke duba aikinka, ka roƙe shi takardar neman aikin koyo, ka ce a Damagaram kake son yi, kan gawo ko kan ruwa, wanda ya fi kwanta maka. Kangon bayan gida na ba ka, ka kewaye shi ka fara renon dashe: zogale, mangwaro, magarya mai aure, da bagaruwa da majema ke nema kullum. Ledoji da iri ni zan saya, ruwa mu san yadda za mu yi da mai garuwa. In ka gama lisans kana son ƙari, akwai Agirimet, cibiyar karatun noma da yanayi, a Yamai, sai mu ga abin da Allah zai hore.

Na ba Kawunka jaka goma da ƙullin kilishi ya kawo maka. Ka kira ni kafin Juma'a, bayan isha'i, lokacin Innarka ta shiga ɗaki. Ka faɗa mini da bakinka cewa motar Damagaram za ka shiga.

Ƴan uwanka na gaishe ka.

Mahaifinka