Sanarwa ga ƴan rukuni kan tura bayanan noma ƙauye

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mu a birni waya na kawo mana komai, iyayenmu na ƙauye kuwa sai rediyo, ko malamin gona na KNARDA (hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano) in ya leƙo. Don Allah duk wanda ya samu hasashen damina na NiMet (hukumar hasashen yanayi ta ƙasa), ko farashin hatsi a Dawanau, ya turo da murya, da Hausa, don da yawansu ba sa karanta boko.

A kuma jaddada musu buhun PICS (buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga) wajen ajiyar wake: waken ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ba sai an zuba magani ba. In leda ta huje, aikin banza ne.

Tallan maganin feshi marar lambar NAFDAC kuwa, gogewa za mu yi.