Rahoton kwamitin gyaran fitilun ma'ajiyar gas ta ƙungiyarmu a Tawa

Assalamu alaikum. Alhaji shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, ƴan uwa masu sayar da gas, kwamitin da kuka ɗora wa aikin sauya fitilun ma'ajiyarmu yana sanar da ku cewa aiki ya kammala, an gwada, an kuma miƙa makullai ga mai gadi. Lissafin kuɗi dalla-dalla da rasidai suna hannun ma'aji, zai karanta su a taro. Wannan takarda bayani ce kan abin da aka yi da dalilin yin sa, domin mun ji ƙorafin wasu cewa fitila ɗaya ta cinye kuɗin da zai sayi kwali guda na ampul a kasuwa. Gaskiya ne ta cinye, kuma ga dalili.

Kowa ya san halin da wurin yake ciki a da. Dogayen fitilu ne irin na shago, waɗanda sai sun yi ta kyaftawa kafin su kama, wayoyi a rataye jikin ƙarfen rufi, an haɗa su da salatif. Makunnin yana cikin ɗakin, dab da ƙofa, kuma duk wanda ya taɓa kunna shi da dare ya ga shuɗin tartsatsin da yake fitarwa. Ƙarƙashin wannan muke jibge ɗaruruwan butel masu kilo 6 da masu kilo 12 da rabi duk lokacin da mota ta iso da kaya.

Gas ɗin da muke sayarwa, wanda matatar SORAZ ta Damagaram take fitarwa tun buɗe ta a 2011, ya fi iska nauyi kusan ninki biyu. Idan bakin butel ya yi yoyo, ba sama yake tashi ba, kwanciya yake a ƙasa, ya bi lungu da rami ya taru. Ba ya kuma bukatar yawa: da ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Warin da muke ji ma zuba masa aka yi don a riƙa gane yoyo, kuma wanda ya wuni cikinsa hancinsa kan saba. Ba mu manta da daren watan Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta yi bindiga kusa da filin jirgin saman Yamai, mutum fiye da 50 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Mu kuwa gidajen mutane sun riga sun matso jikin katangarmu.

Abu na farko da ma'aikacin lantarkin ya yi, kafin ya taɓa waya, shi ne raba wurin shiyya-shiyya bisa ƙa'idar IEC 60079 da duniya take bi. Rumfar da muke ware butel masu yoyo muna duba bakinsu ta faɗa shiyya ta 1, wato inda ake sa ran gas a iska ko da aiki na tafiya daidai. Babban ɗakin ajiya da dakalin sauke kaya shiyya ta 2 ne, inda gas ba ya fita sai an sami matsala. Ofis da ɗakin mai gadi suna waje da haɗari, don haka can aka mayar da akwatin makunnai gaba ɗaya.

An kafa fitilu 14 na LED, irin waɗanda aka ƙera don kada su tayar da gobara a inda gas yake: 4 a rumfar gwaji, 8 a ɗakin ajiya, 2 a dakali. Biyu daga cikinsu suna da batir a ciki, saboda idan aka ɗauke kuran ana tsakiyar sauke kaya kada wani ya zaro wayar hannu ko tocila ya haska.

A nan muke roƙon a saurara da kyau, domin yawancinmu mun ɗauka fitilar tana hana gas shiga cikinta ne. Ba haka take aiki ba. Gas yana iya shiga, yana ma iya kamawa a ciki. Aikinta shi ne ta riƙe fashewar a cikin cikinta. Jikinta ƙarfe ne mai kauri, gilashinta ma haka, kuma inda murfi ya haɗu da jiki an goge shi sumul, an bar wata ƴar siririyar hanya mai tsawo. Kafin wutar ciki ta ratsa wannan hanya ta fito, ƙarfen ya shanye zafinta, ba ta iya kunna gas ɗin waje. Ma'aikacin ya kwance guda a gabanmu, ya sa muka shafa bakin murfin da yatsa, babu ko ƙarzuwa. Sannan ya ɗaga noti ɗaya ya ce: “Alhazai, in wannan ya ɓata aka rufe da sauran, kuɗinku ya tafi a banza.” Haka ma inda waya take shiga fitilar: kowace tana da maƙogwaro na tagulla mai shaidar inganci, wanda yake damƙe wayar, kuma duk ramin da ba a yi amfani da shi ba an toshe shi da murfinsa na asali.

Jinkirin da aka samu, wanda wasu suka yi ta tambaya a kai, ga asalinsa. Kayan farko da wani ɗan kasuwa ya aiko daga Yamai mun mayar masa da su. Suna ɗauke da alamar Ex, wadda ake sa wa kayan lantarkin da aka yi don wuraren gas, amma ba a rubuta iyakar zafin wurin da za su zauna ba, kuma a ƙa'ida idan ba a rubuta ba, to digiri 40 ne iyakarsu. Wanda ya san Adar a watan Afrilu da Mayu ya san ko a inuwa muna wuce 40, balle ƙarƙashin rufin kwano. Ɗan kasuwar ya yi ta cewa kowa haka yake saye. Muka ce a ba mu wadda aka yi don ƙasa irin tamu ko a dawo da kuɗi. Waɗanda aka kafa yanzu an buga a jikin farantin bayaninsu Ex db IIB T4 Gb, zafin wuri har digiri 55, da IP66. T4 na nufin jikin fitilar ba zai wuce digiri 135 ba, alhali gas ɗinmu ba ya kamawa da kansa sai zafi ya haura 350. IP66 kuwa na nufin ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa shiga. Takardun shaidar inganci, ta Turai (ATEX) da ta ƙasa da ƙasa (IECEx), na kowace fitila suna cikin fayil a ofis, mun kuma gwada lambar takarda da ta faranti ɗaya bayan ɗaya.

An sauya wayoyin duka da masu sulken ƙarfe, an binne sandar da take sauke wuta ƙasa, an haɗa ta da ginshiƙan rufin. Magini ya kuma fasa tagogin iska a gindin bango, tunda ta ƙasa gas yake bi.

Kwamiti yana neman taro ya amince da waɗannan a matsayin doka. Ba mai buɗe fitila sai ma'aikacin da ya kafa ta ko wanda yake da irin horonsa, kuma sai an kashe kuran daga ofis. Kada a shafa fenti a bakin murfi. Gilashin da ya tsage a kashe layinsa nan take, kada a liƙe shi. Mun fi jin tsoron mai kyakkyawar niyya da zai ga fitila ta mutu ya jawo waya daga ofis ya rataya ampul “kafin gobe” fiye da komai, don haka muna so a sa tara mai nauyi a kan haka, ko ɗan wanene.

Abin da ya rage shi ne ramin magudanar ruwa da ke bayan dakali, wanda gas zai iya taruwa a ciki. Ba ya cikin aikin da kuka ba mu, kuma kuɗin da ya saura ba zai kai ba. Muna so a yanke shawara a taro mai zuwa ko a cike shi ko a karkatar da shi, kafin ruwan farko ya sauka.

Sakataren kwamiti, a madadin ƴan kwamiti