Ba labarin ne ya fi ƙarfin yaran ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan ƙagaggun labaran da ake rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12, musamman masu taɓo nakasa, gudun hijira, talauci da wariyar launin fata. Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da 'yan aji biyar na firamare, kuma da wuya zango ya wuce wani uba bai tare ni ba yana cewa, "Malama, ai wannan labari ya fi ƙarfin yaro." Ina ganin girman iyaye, amma a nan kam ban bi su ba. Yaron da ake gudun a tayar wa hankali, shi ne kullum yake kallo ana kwaikwayon mai in'ina a filin wasa, ya kuma san wanda ba a son zama kusa da shi a benci. Abin da ya rasa kawai shi ne bakin faɗa.

Bana na karanta wa ajina Wonder na R.J. Palacio, wanda ya fito a 2012, babi biyu ko uku bayan an dawo tara. Labarin Auggie ne, ɗan shekara goma da aka haifa da tawaya a fuska, an yi masa tiyata har sau 27, sai ga shi zai shiga makaranta karon farko. Na ɗauka inda ake tsokanarsa ne zai kama yaran. Ashe na yi kuskure. Ajin bai yi tsit ba sai da aka zo inda yayarsa Via ta bayyana cewa ta ɓoye wa iyayensu zancen wasan kwaikwayon makarantarsu don kada ƙanen nata ya zo a san ɗan'uwanta ne. Da aka tashi, wata yarinya da ƙanenta ke fama da sikila ta tsaya tana jan igiyar jakarta har kowa ya fita. Sannan ta ce, "Malama, wannan yayar tasa muguwa ce?" Na ce mata a'a, ta gaji ne, kuma tana sonsa. Ta ce in ara mata littafin.

Wata farfesa a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta kwatanta littattafan yara da madubi da taga a 1990: wani ka ga kanka a ciki, wani ka leƙa rayuwar da ba taka ba. Shafin da ya zame wa sauran yaran taga, ita madubi ya zame mata. Kuma an daɗe ana hana wasu yara madubin. A 1965 Nancy Larrick ta bincika littattafan yara fiye da 5,000 da aka buga a Amurka cikin shekara uku, ta tarar waɗanda baƙar fata ya fito a cikinsu ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Har a 2014 sai da marubuta suka sake tayar da gangamin We Need Diverse Books a kan wannan magana.

Sai dai ba duk littafin da ya ɗauko babbar magana ne yake da kyau ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Da yawansu nasiha ce aka sa wa rigar labari. Yaron da ya bambanta da sauran sai a mayar da shi waliyyi, ba ya fushi, ba ya ƙarya, an kawo shi duniya ne kawai don sauran su koyi tausayi. Yara sun fi mu saurin gano wannan. Shafi goma sun fara hamma. Ni kaina na sayi irinsu da kuɗina saboda bangon ya burge ni, ga su can a kabad ƙura ta rufe.

Marubucin da ya iya, ƙaramin abu yake nuna wa yaro. A Roll of Thunder, Hear My Cry na Mildred Taylor, wanda ya ci lambar Newbery a 1977, ana jihar Misisipi ta Amurka ne a 1933. An raba wa yara baƙaƙen fata tsofaffin littattafan da 'ya'yan fararen fata suka gama yagalgalawa, a cikin bangon kuma ga jadawalin da ya nuna sai da littafi ya lalace aka ba su. Ƙanen Cassie, yarinyar da ke ba da labarin, ya yar da nasa ƙasa ya tattake, ya sha bulala. Babu wanda ya yi wa yarana bayanin wariya ranar. Da kansu suka yi ta gardama ko ya cancanci dukan. Haka ma Inside Out & Back Again na Thanhha Lai, 2011, labarin yarinyar da ta gudo daga birnin Saigon na Vietnam a 1975 ta sauka a jihar Alabama ta Amurka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne a ƙasarsu ita mai ƙoƙari ce, yanzu rashin harshe ya sa ana yi mata tafi don ta ƙirga zuwa ashirin. Duk yaron da ya taɓa sauya makaranta ya san wannan ɗacin.

Ga iyaye, shawarata ita ce su karanta babi biyu kafin su yanke hukunci, idan da hali ma su karanta tare da yaron, domin tambayoyin da za su biyo baya a gida ya fi dacewa a amsa su. Akwai wuraren da ni ma nake tsallakewa idan na ga ajin bai kai ba, ban ɓoye wannan ba.

Ita kuwa yarinyar, wata na uku ke nan littafin yana hannunta. Makon jiya mahaifiyarta ta shaida min cewa tana karanta wa ƙanen nata da dare, amma babin yayar tana tsallake shi. Ban ce ta dawo da shi ba tukuna.

Wassalam,
Wata malamar firamare