Kar a yanke hukunci a mako na 14

Assalamu alaikum, mutumina.

Sai da larura ta taso ka tuna da ni ko? Ba komai, na yafe. Ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna?

Na karanta takardar hoton cikin ƙanwarka, inda aka rubuta ba a ga ƙashin tsatson tayin ba a mako na 14. Ka ce mata ta kwantar da hankali tukuna. Ƙasusuwan ƙarshen gadon baya su ke makara wajen yin ƙwari, shi ya sa na'ura ba ta cika kama su da wuri ba. Hoton da ake dogara da shi shi ne na tsakanin mako 18 da 22, kuma a nemi wanda hannunsa ya faɗa.

Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne ciwon sukarinta, tunda da shi ta ɗauki cikin. Nakasar da ƙashin tsatso ke ƙin fitowa, duka ko wani sashe, ba kasafai ake ganinta ba, amma ta fi samun 'ya'yan masu sukari, musamman idan bai daidaita ba a makonnin farko. Don haka a bi gadon bayan gaɓa-gaɓa, a tsaye da a gicciye, har ƙarshensa. A duba ko ƙafafu na motsi, ko tafin ya murɗe, sannan ƙoda biyu, mafitsara, da jijiyoyin cibiya, waɗanda uku ya kamata su kasance.

Kai da ka saba ka ɗora na'ura a baya ka ce an gama, fara da kan yaron. Akwai wata nakasar da gadon baya ke ƙin rufewa, alamunta kuma a kai ake ganinsu. Idan baya a buɗe yake, ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya kan janyu ƙasa ta lanƙwashe kamar ayaba, goshi ya tsuke ta gefe biyu, ramukan ruwan ƙwaƙwalwa su iya kai milimita 10 ko su wuce. Alamar goshin takan ɓace bayan mako 24. Amma idan fata ta rufe wurin, kan yaron zai fito lafiya lau, gwajin AFP na jinin uwa, wanda ke hawa idan bayan tayi a buɗe yake, shi ma haka. A nan ake yaudaruwa, a sallami mace alhali laka na ɗaure a ƙasa. In an ga kumburi ko ana kokwanto, a yi MRI, wato hoton na'urar maganaɗisu, ba ya amfani da hasken da ke cutar da tayi.

 

Maganar folik asid da ka yi, bitamin ɗin nan da ke rage nakasar gadon baya, ta ci gaba da sha, sai dai bututun laka, wanda ke zama ƙwaƙwalwa da laka, kan rufe cikin kwana 28 da shigar ciki, wannan gaɓa ta wuce. A ciki na gaba ta fara tun kafin ta ɗauka, mai sukari kuma akan ba ta miligiram 5 maimakon maikurogiram 400.

Turo mini ainihin hotunan da sakamakon HbA1c ɗinta, gwajin da ke nuna yadda sukarinta ya kasance a 'yan watannin baya, takarda kaɗai ba ta isa ba. Ka gaida Inna da yara.

Naka.