An karɓi kuɗi da sunan mijina, ni ko labari ban da

Assalamu alaikum Malam. Ni mai sauraronku ce daga unguwar Zariya, nan Maraɗi. Don Allah kada ku kama sunana, domin wan mijina ba ya bari shirinku ya wuce shi.

Jiya kwana na yi ban runtsa ba. Ashe tun wata 2 da suka wuce wan mijin nawa ya karɓi jika 150 a hannun mai motar da ta kaɗe mijina, ya sa hannu a wata takarda wai an yi sulhu. Matar wan nasa ce bakinta ya suɓuce wurin suna. Jika 150, Malam, kuɗin ƙafar mutum! Kuma ko dala ba ta shigo ɗakina ba. Dama tun rabon gonar mahaifinsu na san halinsa, mutum ne da in ya ga kuɗi ba ya ganin ɗan'uwa.

Ban ma gaya muku haɗarin ba. Maigidana ɗan kabu-kabu ne, da babur ɗin nan muke ci, mu da yara 4. Ya nufi wajen Ɗan Isa bayan magariba, sai wata kamiyo ta albasa da ta taso daga Galmi za ta Jibiya ta kwashe shi ta baya. Mai shayin da ke wurin ya ce an lafta mata kaya har ta karkace, ga mutane zaune bisa buhuna, fitila ɗaya ke ci. Wai birki ne ya ƙi. To yaya birki zai kama da irin wannan lodi? Kuma ba direban ke tuƙi ba, shi yana barci don ya kwana bisa hanya, karen motar ya ba, yaron da ko parmi, wato takardar izinin tuƙi, ba shi da. Maganar tiramol da ake yi ban gani da idona ba, amma duk wanda ya san tasha ya san abin da suke sha don kada barci ya ɗauke su.

Jandarmomi sun zo sun yi konsta, wato rubuta yadda haɗarin ya faru, sun auna titi, sun ɗauki lambar motar. A likita hoto ya nuna cinya ta karye wuri 2, suka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Na sayar da awakina da gadona. Nan ne uwar mijina ta kafe sai an kai shi wurin mai ɗori, wai likitoci yanke ƙafa suke yi. Gaskiya ni na sa hannu muka fitar da shi, amma Malam, me zan yi? Kwana 9 ina kwana a ƙasa, kuɗi sun ƙare, tsohuwa tana kuka tana cewa zan nakasa mata ɗa. Yanzu ƙafar ta gajarce, ba ya iya taka ta, kuma duk ni ake kallo.

Mai motar kuwa sau ɗaya ya leƙo, da 'yar ledar lemo, bai ko zauna ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya taɓa aikin asiransi, wato inshora. Shi ya ce mini doka ta tilasta wa kowace mota yin asiransi, kuma Nijar na cikin yarjejeniyar asiransi ta CIMA ta 1992 tare da ƙasashe masu kuɗin sefa. Ya ce kamfanin ne ke biya, ba aljihun mai mota ba: kuɗin magani, kwanakin da mutum bai yi aiki ba, da naƙasar da likita ya auna. Sai dai ana son takardar konsta, da sartifika ta likita, da rasit na magunguna, kuma bayan shekara 5 da haɗarin magana ta mutu. Rasit ɗin wasu na nan cikin kwalla, wasu yara sun yi wasa da su. Sartifika kuwa ban karɓa ba, tunda fita muka yi ba sallamarmu aka yi ba. Ban ma sani ba ko motar tana da asiransin.

To shin takardar da wan mijina ya sa wa hannu ta kashe mana haƙƙi, alhali mai ƙafar yana raye, da hankalinsa, ba a tambaye shi ba? Kuma likita zai yarda ya rubuta mana sartifika bayan mun gudu?

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Maigidan bai san da maganar jika 150 ɗin nan ba, har yau wansa yake sa wa albarka kan buhun hatsi ɗaya da ya aiko mana. Uwarsu ta ce ƙaddara ce, wanda ya kai ƙara bai yarda da Allah ba. In na faɗa masa, za a ce na raba zumunci, ni da na fitar da shi daga likita. In gaya masa yanzu yana kwance, ko in fara zuwa wurin jandarmomin ni kaɗai?

Taku mai sauraro,
wata uwar yara daga Maraɗi